Komit, reshe, janyowa da turawa: me kalmomin Git suke nufi a zahiri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin kimiyyar kwamfuta, an tura ni koyon aiki a wani kamfanin rubuta manhaja. Rubuta kod ba ya ba ni wahala sosai, kalmomin da abokan aiki ke jefo min ne suke rikita ni: a ce in janyo kafin in tura, a ce in buɗe reshe, a ce in yi `rebase`, a ce an samu karo a fayil ɗina. Jiya kwamfutata ta rubuta min `detached HEAD`, na tsorata na goge foldar gaba ɗaya na sake sauko da ita. Me waɗannan kalmomin suke nufi? Kuma Git da GitHub abu ɗaya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin mu shiga komai, don Allah ki daina goge foldar aiki idan Git ya rubuta miki abin da ba ki gane ba. A cikin foldar akwai wata ɓoyayyiya mai suna `.git`, kuma duk abin da kika adana amma ba ki tura ba tukuna a can kaɗai yake, babu kwafinsa a ko'ina. Saƙon da ya ba ki tsoro bai ɓata komai ba. Gogewar ce take iya yin ɓarna.

Kalmomin ba su kai yawan da kike gani ba, kuma ba haddarsu ake yi ɗaya bayan ɗaya ba. Duk wadda aka jefo miki, ki yi mata tambaya biyu: a wane wuri take aiki, kuma ƙari take yi a kan tarihi ko sake rubuta shi take yi? Wanda ya iya amsa waɗannan biyun ya san umarnin da zai buga hankali kwance da wanda zai tsaya ya yi tunani kafin ya taɓa.

Git da GitHub ba ɗaya ba ne. Git kayan aiki ne na adana tarihin canje-canjen fayiloli, yana zaune a kan kwamfutarki, kyauta, kuma yana aiki ko babu intanet. GitHub kamfani ne mai shafin intanet, an buɗe shi a 2008 don ya ajiye wa mutane kwafin aikinsu na Git, Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5. GitLab da Bitbucket ma irin wannan hidimar suke yi. Za ki iya amfani da Git shekara da shekaru ba ki taɓa buɗe GitHub ba.

Rikicin kalmomin yana da asali, kuma sanin asalin yana rage shi. Matsalar tsohuwa ce: mutane da yawa suna gyara fayil guda, ana so a san wa ya canja me, yaushe, don me, kuma a iya komawa baya idan an yi kuskure. A 1972 Marc Rochkind ya rubuta SCCS, manhajar da ke wannan aikin, a Bell Labs da ke Amurka, a 1982 kuma Walter Tichy ya fitar da RCS a Jami'ar Purdue. A wancan tsarin kulle fayil ake yi: ka fito da shi, ka kulle don kada wani ya taɓa, ka gyara, ka mayar. Kalmar `checkout`, wato fito da fayil don a gyara, tun daga can aka gado ta. CVS ya zo ya bari mutane su yi gyara a lokaci guda ba kulle, sannan Subversion, wanda aka fara a 2000, ya gyara kurakuransa. Su biyun duk babbar kwamfuta ɗaya ce a tsakiya, wato saba, take riƙe da tarihi. Idan ba ka isa gare ta ba, ba ka da tarihi.

Masu rubuta Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, sun yi amfani da BitKeeper daga 2002, kayan wani kamfani ne da ya ba su izinin amfani kyauta. A Afrilun 2005 aka saɓa, aka janye izinin, sai Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya zauna ya rubuta Git. A watan Yulin shekarar ya miƙa kulawar aikin ga Junio Hamano. An gina Git ne don dubban mutane da ba su san juna ba, kowa da cikakken tarihin a hannunsa. Ya ari tsofaffin kalmomi, amma ya canja wa wasu ma'ana. Babban misali: a Subversion idan ka yi `commit`, wato komit, adana gyaranka a cikin tarihi, aikinka ya tafi saba, kowa zai gani. A Git komit bai bar kwamfutarki ba. Ga mu da wuta ke ɗaukewa, netwok kuma ya yi ta yankewa, wannan alheri ne babba, don za ki wuni kina adana aiki mataki mataki ba ki ƙona data ba. Amma ki sani, idan aka sace kwamfutar ko ta mutu kafin ki tura, komit ɗin sun tafi tare da ita.

To, wuraren guda huɗu ne. Na farko foldar aikinki, fayilolin da kike buɗewa kina gyarawa. Na biyu wurin shiri, inda kike jera abin da zai shiga komit na gaba, kuma `git add` ne yake kai abu can. Na uku rumbunki, wato `.git`, abin da za ki ji ana kira `repo`. Na huɗu rumbun nesa, kwafin da ke GitHub ko sabar kamfaninku. Uku na farko duk a kan kwamfutarki suke.

Wurin shiri shi ne sababbi suka fi raina wa, har su riƙa buga `git add .` a kan komai ido rufe. Amfaninsa yana fitowa ranar da kika gyara abu biyu da ba su da alaƙa, a ce lissafin rasit da launin maɓalli. Wurin shiri yana ba ki dama ki adana su daban-daban, har ma ki zaɓi layuka daga cikin fayil guda da `git add -p`. Sunansa uku ne a rubuce-rubucen Git, `index` da `staging area` da `cache`, duk abu ɗaya ake nufi, shi ya sa `git diff --staged` da `git diff --cached` suke ba da amsa iri ɗaya. Umarnin `git status` kuwa ba ya canja komai, yana gaya miki ne kawai wane fayil yake wane wuri. Ki buga shi sau nawa kika ga dama.

Yanzu komit, wanda sauran kalmomin duk a kansa suke tsaye. Mutane da yawa suna ɗauka komit jerin layukan da aka canja ne, saboda haka ake nuna musu shi, kore da ja. A'a, komit hoton aikin ne gaba ɗaya, wato yadda duk fayilolin suke a wannan lokacin. Fayil ɗin da bai canja ba Git ba ya sake ajiye shi, nuni kawai yake yi ga wanda ya riga ya ajiye. Bambancin da kike gani, wato `diff`, lissafa shi ake yi a duk lokacin da kika nema, ta hanyar kwatanta hotuna biyu.

Ki shiga aikinku ki buga `git cat-file -p HEAD`, za ki ga cikin komit ɗin da kike kai da idonki. 'Yan layuka ne. Na farko yana farawa da `tree`, lambar hoton foldar ce. Na biyu `parent`, lambar komit ɗin da ya gabace shi. Sai sunan wanda ya rubuta gyaran da lokaci, da sunan wanda ya adana shi, sai layi fanko, sai bayani. Shi ke nan. Git yana haɗa waɗannan duka ya lissafa wata lamba mai harafi 40 ta hanyar SHA-1, haruffan daga 0 zuwa 9 da a zuwa f, ita ce sunan komit ɗin. Yawanci bakwai na farko ake rubutawa.

Ki lura da layin `parent`, don a nan hikimar take. Tarihin Git kamar salsalar gida yake, wane ɗan wane ɗan wane. Ɗa ne yake ɗauke da sunan uba, uba ba ya ɗauke da sunayen 'ya'yansa. Komit na farko ba shi da uba, komit ɗin haɗewa yana da biyu. Tun da lambar uba tana cikin abin da aka lissafa aka samu lambar ɗa, idan aka taɓa ko harafi ɗaya a wani tsohon komit, lambarsa za ta canja, ta ɗansa ma ta canja, har zuwa kan na yau. Saboda haka a Git babu gyara komit. Duk umarnin da ya ce yana gyarawa, sabo yake ƙirƙirowa ya ajiye tsohon a gefe. A 2017 masu bincike daga Google da cibiyar CWI ta Amsterdam sun nuna cewa ana iya samun fayil biyu masu lambar SHA-1 ɗaya, daga baya Git ya ƙara zaɓin SHA-256, amma yawancin rumbunan da za ki ci karo da su har yanzu na harafi 40 ne.

A kan bayanin komit ina da ra'ayi mai ƙarfi. Rubuta «gyara» ko «aiki» ko «na ƙarshe» cutar abokan aiki ne, kuma ke ma za ki sha wahalarsa bayan wata uku. Layin farko ya zama gajere, kusan harafi 50, ya faɗi abin da aka yi, a ce «Hana rasit fita idan adadi sifili ne». Ki bar layi ɗaya fanko, sannan ki faɗi dalili. Abin da aka canja kod zai nuna da kansa. Dalilin kuwa, idan ba ki rubuta ba, babu inda za a same shi.

Reshe, wato `branch`, shi ne kalmar da sunanta ya fi ta girma. Sabon shiga yana zaton idan ya buɗe reshe an kwafi aikin gaba ɗaya zuwa wani wuri, kuma a Subversion haka abin yake bayyana, folda ce daban a gefen `trunk`, wato foldar babban aikin. A Git reshe suna ne kawai da ke nuna wani komit. Ki leƙa `.git/refs/heads/`, galibi za ki ga ɗan fayil ga kowane reshe, babu komai a ciki sai lambar nan mai harafi 40. Idan kika yi sabon komit, sunan sai ya matsa gaba ya nuna sabon. Shi ya sa buɗe reshe ba ya cin lokaci ko wuri, kuma shi ya sa ake ce miki ki buɗe sabo ga kowane aiki. Goge reshe ma suna kika goge, komit ɗin suna nan. Babban reshe a da `master` ake kiransa, daga Oktoban 2020 GitHub ya koma `main` ga sababbin rumbuna. Babu wani ikon da Git ya ba shi fiye da sauran, al'adar ma'aikata ce ta ɗaukaka shi. Alama, wato `tag`, ita ma suna ce a kan komit, sai dai ba ta matsawa, da ita ake sa wa sigar da aka fitar lamba irin `v2.1.0`.

`HEAD` kuma amsa ce ga tambayar «ina nake tsaye yanzu». Fayil ne shi ma, `.git/HEAD`, kuma a yawancin lokuta abin da ke cikinsa `ref: refs/heads/main` ne ko sunan wani reshe. Ke kina kan reshe, reshe yana kan komit. Idan kika ce Git ya kai ki kan wani tsohon komit ko wata alama kai tsaye, sai fayil ɗin ya ɗauki lambar komit maimakon sunan reshe. Wannan ne kawai `detached HEAD`: kina tsaye a kan komit ba tare da reshe ba. Dubawa da gwaji ba matsala. Haɗarin ɗaya ne, idan kika yi sababbin komit a nan kuma kika bar wurin, babu sunan da ke nuna su, za su yi wuyar samu. Idan dubawa kawai kika je yi, `git switch main` zai mayar da ke. Idan kin yi aikin da kike so, `git switch -c` da sunan da kika zaɓa zai ba shi reshe nan take.

Za ki ga manyanku suna amfani da `git checkout` a inda na ce `switch`. Tsohon umarnin ya tara ayyuka da yawa: yana sauya reshe, yana kuma mayar da fayil yadda yake a da. A 2019, a siga ta 2.23, aka raba aikin biyu, `switch` na sauya reshe, `restore` na mayar da fayil. Ki saba da sababbin. Kuma ki kiyaye `git restore` a kan fayil ɗin da kika gyara ba ki adana ba, don yana share gyaran, kuma Git ba zai iya dawo da abin da bai taɓa gani ba.

Sai rumbun nesa. `clone` shi ne sauko da rumbu gaba ɗaya da tarihinsa a karon farko. Git sai ya raɗa wa inda kika sauko da shi suna `origin`, laƙabi ne kawai, kina iya canja shi. Za ki riƙa ganin `origin/main`, kuma nan mutane da yawa suke ruɗewa. Ba shi ne reshen da ke GitHub a yanzu ba, tunawar kwamfutarki ce ta yadda reshen yake a ganinku na ƙarshe. Idan `git status` ya ce miki kin yi daidai da `origin/main`, yana nufin daidai da abin da ya gani jiya ko shekaranjiya. `fetch` ne yake zuwa ya ɗauko sababbin komit ya sabunta wannan tunawar, ba tare da ya taɓa fayilolinki ba, don haka ba ya ɓata komai. `pull`, janyowa, aiki biyu ne a haɗe: ya ɗauko, sannan ya haɗa abin da ya ɗauko da naki. `push`, turawa, yana kai komit ɗinki can ya matsar da reshen can gaba.

Ga dalilin «janyo kafin ki tura». A ce da safe ke da abokin aikinki kun tashi daga komit ɗaya. Shi ya riga ki turawa da azahar. Da la'asar kika zo turawa, naki komit ɗin bai san nasa ba, ba ya cikin salsalarsa. Idan saba ta karɓa ta matsar da `main` kan naki, nasa ya fita daga tarihi. Sai ta ƙi, ta rubuta `rejected`. Kare aikinsa take yi. Abin da ake so ki ɗauko nasa, ki haɗa da naki a kwamfutarki, sannan ki tura.

Haɗewa, wato `merge`, iri biyu ce. Idan reshen da kike kai bai motsa ba tun da ɗayan ya fita daga jikinsa, Git suna kawai zai matsar gaba, wannan ne `fast-forward`. Idan duka biyun sun motsa, sai ya nemo kakan da suka haɗa, ya duba me wannan ɓangaren ya canja daga kakan, me wancan ya canja, ya haɗa su a sabon komit mai iyaye biyu. Idan kun taɓa wurare daban, ko a fayil ɗaya ne, shiru zai haɗa. Idan kun taɓa layi ɗaya kowa ya rubuta nasa, sai ya tsaya. Wannan ne karo, `conflict`. A ce manhajar shagon magani kuke rubutawa, za ki buɗe fayil ki ga haka:

```
<<<<<<< HEAD
ragi = farashi * 0.05
=======
ragi = farashi * 0.10
>>>>>>> ragin-dillalai
```

Na sama naki ne, na ƙasa na reshen da kike haɗowa. Git bai san ko kashi 5 ne daidai ko kashi 10 ba, kuma ya yi daidai da bai yi hasashe ba. A nan ba danna maɓallin «ɗauki nawa» ake yi ba. Ki tashi ki je wurin wanda ya rubuta ɗayan ki tambaye shi. Mai yiwuwa ku duka kuna da gaskiya, kashi 5 na mai sayen ɗai-ɗai ne, kashi 10 na dillalai, ke nan layin da ya dace ba ɗaya daga cikin biyun ba ne, sabo za a rubuta mai sharaɗi. Idan kin gyara, ki cire layukan alamomin uku, ki yi `git add` a kan fayil ɗin, ki yi komit. Idan abin ya dagule miki, `git merge --abort` zai mayar da ke inda kike kafin ki fara.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗewar da ta wuce shiru amma ta karya aiki. Abokinki ya canja sunan wani fankshin a fayil ɗaya, ke kuma kin rubuta sabon kod a wani fayil kina kiran tsohon sunan. Ba ku taɓa layi ɗaya ba, Git ba zai ce uffan ba, don layuka yake kwatantawa, ba ma'ana ba. Saboda haka bayan kowace haɗewa ki kunna manhajar, ki gudanar da gwaje-gwaje, kafin ki tura.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ƙari yake yi a kan tarihi. Yanzu ga masu sake rubuta shi, a nan ake buƙatar natsuwa. `rebase` yana ɗaukar komit ɗinki ɗaya bayan ɗaya ya sake yin su a kan sabon tushe, kamar dai yau kika fara aikin daga saman `main`. Tarihi ya zama miƙaƙƙe, babu komit ɗin haɗewa. Amma tun da uba ya canja, lambobi sun canja, sababbin komit ne masu kama da na da. Idan tsofaffin ba su taɓa barin kwamfutarki ba, babu wanda ya cutu. Idan kin riga kin tura su kuma wani ya ɗora aikinsa a kansu, kin bar shi riƙe da tarihin da ke kin watsar. Ƙa'idar ke nan: abin da wasu suka ɗora a kai ba a sake rubuta shi. `git commit --amend`, da ake gyara komit na ƙarshe da shi, da `squash`, wato dunƙule komit da yawa su zama ɗaya, duk hukuncinsu ɗaya ne. Wani abu da ke kama ko gwanaye: idan karo ya faru a tsakiyar `rebase`, ɓangaren da aka rubuta wa `HEAD` ba naki ba ne, na tushen ne, naki yana ƙasa. Ki karanta kod ɗin, kada ki dogara da matsayinsa.

Bayan `rebase` a kan reshen da kika riga kika tura, saba za ta ƙi karɓa, sai wani ya ce miki ki sa `--force`. Ma'anarsa ki ce wa saba ta jefar da abin da take riƙe da shi ta ɗauki naki. A kan reshenki ke kaɗai, babu laifi, kuma `--force-with-lease` ya fi, don yana ƙi idan wani ya tura abin da ba ki gani ba. A kan `main` kuwa kada ki yi, ko wa ya ce miki, sai shugaban aikin yana tsaye ya san dalili.

`revert` da `reset` su ma ana yawan cakuɗa su. `revert` yana yin sabon komit da ke warware abin da wani tsoho ya yi, kuskuren yana nan a tarihi, gyaransa ma yana nan, don haka shi ake amfani da shi a kan abin da aka riga aka tura. Wanda ya taso a Subversion zai iya ruɗa ki, don a can kalmar tana nufin zubar da gyaran da ba a adana ba. `reset` kuwa sunan reshe yake jan baya. Da `--soft` suna kawai zai ja, ya bar aikinki a wurin shiri. Idan ba ki sa komai ba zai kwashe wurin shiri ya bar fayilolinki yadda suke. Da `--hard` har fayilolin zai mayar baya, ya share duk gyaran da ba a adana ba.

Idan komit ne ya ɓace miki ta ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyin, ki buga `git reflog`. Jerin duk inda `HEAD` ya taka ne a kwamfutarki, da lambar kowane komit. Ki nemo lambar, ki buɗe reshe a kanta, aikin ya dawo. A tsarin da Git ya zo da shi, irin waɗannan komit da babu reshen da ke nuna su suna kai kwana 30 a jerin kafin a fara share su. Jerin a cikin `.git` yake kuma ba a tura shi ko'ina, wanda ya goge foldar ya goge shi.

`fork` da `pull request` kuwa, waɗanda za ki fi ji a ofis, na shafukan ajiya ne. `fork` kwafin rumbun wani ne a ƙarƙashin asusunki, kina yinsa idan ba ki da izinin turawa cikin na asali, kuma na asalin ake yi wa laƙabi da `upstream`. `pull request`, da ake taƙaitawa PR, roƙo ne: ga reshena, ku duba, in ya yi ku haɗa. GitLab yana kiransa `merge request`. Masu Linux har yanzu ta imel suke aika yawancin gyare-gyarensu a duba. Idan kika buɗe naki, ki sa shi ƙarami, abu ɗaya, da bayanin yadda za a gwada. Mai dubawa zai karanta layi 100 da kyau, amma idan kika kawo masa dubu biyu wucewa kawai zai yi da ido. Gyaran da za a yi miki a wurin shi ne mafi yawan abin da za ki koya a watannin nan, kada ki ɗauke shi da zafi.

Sauran a taƙaice. `stash` ajiye gyaran da bai kammala ba ne a gefe don ki sauya reshe, kuma ba wurin ajiya na dindindin ba ne, ana mantawa da shi. `cherry-pick` kwafo komit ɗaya ne daga wani reshe zuwa naki. `blame` yana nuna wane komit ne ya taɓa kowane layi a ƙarshe, amfaninsa ki gano dalilin layin kafin ki cire shi. `bisect` yana raba tarihi biyu biyu don gano komit ɗin da ya shigo da matsala, a cikin komit 1,000 gwaji kusan goma ya isa.

Fayil ɗin `.gitignore` ne na ajiye a ƙarshe saboda ɗalibai a nan suka fi jawo wa kansu. Jerin abubuwan da ba ki so Git ya kula da su ne: foldar `node_modules`, abin da manhaja ke ginawa da kanta, da fayil irin `.env` mai ɗauke da kalmar sirri da makullan biyan kuɗi. Yana aiki ne kawai a kan fayil ɗin da Git bai riga ya fara bi ba. Idan an riga an adana shi, sai kin cire shi da `git rm --cached` tukuna. Kuma idan makulli ya shiga komit aka tura, goge shi a komit na gaba bai fitar da shi ba, yana nan a hoton baya, duk wanda ya sauko da rumbun zai iya karanta shi. Idan rumbun a buɗe yake ga jama'a, akwai manhajoji da aikinsu kawai neman irin waɗannan makullan. Ranar da haka ta faru da ke, ki sanar da wanda ke kula da ke nan take, a soke makullin a fitar da sabo, sannan a zo maganar tsabtace tarihi.